Tukunyar Gas da Na Kai wa Inna

Ni matsoraciya ce, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Ina tsoron kare, ina tsoron tsawa, idan mota ta yi gudu ni ce farkon mai salati. Amma duk cikin abubuwan da nake tsoro babu kamar gas. Wata maƙwabciyarmu a Kazaure tukunyarta ta taɓa kamawa da wuta, na je duba ta a asibiti na ga hannuwanta, tun daga ranar ko gidan biki na shiga na ga ana girki da gas, sai in nemi wurin zama can nesa. A gidana gawayi nake hurawa. Maigidana ya yi mita har ya gaji ya ƙyale ni.

To ni ɗin nan ce na ɗauko tukunyar gas a kan cinyata, a bayan ɗan acaɓa, tun daga Kazaure har ƙauyenmu da ke gaba da Gwiwa, a tsakiyar bazara.

Innata ce dalili. Tari ya kama ta ya ƙi saki, aka sha jiƙe-jiƙe, aka sha na kemis, har ta kai ba ta iya ɗauko tulu daga bakin rijiya sai ta tsaya ta dafa bango. Da ƙyar aka shawo kanta ta zo asibiti. Gwaggo ce ta rako ta, yayar babana, wadda take zaune a gidanmu tun da mijinta ya rasu. Likita ya duba hoton ƙirjin ya tambaya ko tana shan taba. Saura kaɗan Gwaggo ta zage shi. Sai ya tambaya da me take girki, muka ce da kara da itace, idan damina ta yi nisa har da busasshen kashin shanu. Ya ce hayaƙi ya riga ya ci rabonsa a huhunta, abin da ya rage shi za a lallaɓa, idan kuwa ta koma bakin murhu to maganin da zai rubuta ba zai yi komai ba.

Faɗa da baki ba wuya. Ƙannena mata duk suna gidajen mazajensu, Gwaggo idonta ya yi rauni, kuma Inna ba ta taɓa yarda wani ya tuƙa wa Baba tuwo tana da rai ba. Kalanzir ya yi wuyar samu a ƙauye, gawayi kuma sai an tayar da shi da kara. Na yi ta juya abin a raina har na ga babu mafita sai abin da na fi tsoro.

Ƙaramar na saya, mai kai a sama, irin wadda ɗalibai da matafiya suke yawo da ita. Mai gas ya cika ta, ya ɗaura mata kan, ya shafa kumfar sabulu a wuyanta ya nuna min babu inda take fitar da iska. Sannan ya shiga karanto min sharuɗɗa. A tsaye ake ɗaukarta, ba a kwance ba. Kada a bar ta a rana. Kada a rufe ta a ɗaki. Idan aka ji wari, kada a ƙyasta ashana, kada a kawo wuta ko ta sigari.

"Shi wannan abin, Hajiya, idan ya fita ba sama yake yi ba," ya ce. "Ƙasa yake kwanciya."

Shi a ganinsa kwantar min da hankali yake yi. Ni kuwa kowace magana ya faɗa sai tsorona ya ƙaru.

A tasha na so in shiga mota. Ɗan kamasho ya karɓi tukunyar da hannu ɗaya zai cusa ta a but, a kwance, tsakanin buhun siminti da wani akuya da aka ɗaure. Kafin in buɗe baki wani dattijo da ke gidan gaba ya leƙo ya ce, "Direba, idan wannan abin zai shiga, ni zan fita. Ina da iyali." Sauran fasinjoji suka ɗauka, kowa da labarin wanda gas ya ƙona. Na ji haushinsu, amma a cikin raina na san da ni ce a zaune a motar, da muryata ta fi ta kowa. Na karɓi abata na fito.

Ɗan acaɓan da na samu magidanci ne, mai yawan dariya, abin da ban nema ba a ranar. Ya ce in kawo ya ɗora ta a kan tankin mai a gabansa. Na ce masa gas a kan fetur, a kan injin da yake zafi, ko so yake a tsince mu a Daura? Ya ce to a ɗaure a baya da roba. Na ce a kwance ke nan, ban yarda ba. Ƙarshe na sayi buhun algarara a bakin tasha, na jiƙa shi sharkaf da ruwa, na naɗe tukunyar yadda muke naɗe jarkar ruwan sha don ta yi sanyi, na hau na ɗora ta a cinyata na rungume. Ruwan buhun ya jiƙa min zani har ƙafa. Ban damu ba.

Wanda bai san zafin bazara a tsakanin duwatsun Kazaure ba, ba zai gane ba. Dutse yana mayar da zafi, kwalta tana mayarwa, iskar da take dukan fuska ma kamar daga bakin tanda take fitowa. Ba mu yi wata tafiya ba buhun ya fara bushewa. Ina ta taɓa jikin ƙarfen ta ƙarƙashi ina jin yana ɗumi. Salansa tana huci a gefen ƙafata. Idan muka faɗa rami sai in ji ruwan gas ɗin ya motsa a ciki, ya bugi wannan gefe ya koma wancan, ni kuma in ja salati. Hannuwana suka sage, bayana ya riƙe, amma ban yarda na sassauta ba.

"Hajiya, kin fa matse ni da abin nan," ɗan acaɓan ya ce. "Idan ta tashi, ni zan riga ki isa."

Na ce masa ya rufa min asiri ya kalli hanya.

Mun kusa Gwiwa sai ya ce mai ya yi ƙasa, ya ratse wajen masu sayar da fetur a kwalba. Gefensu kuwa wata mata ce take suyar awara, wuta tana ci bal-bal, can kuma wani yana zaune a kan benci yana busa sigari hankalinsa kwance. Ban jira babur ya gama tsayawa ba na diro. Na rungumi tukunyar na tsallaka titi na shiga wata gona da aka share, na tsaya ƙarƙashin bishiyar gawo ina haki. Mutane suka yi ta kallona, wata ma ta ɗauka jariri ne a cikin buhun. Na roƙi wata baiwar Allah ruwa a buta na sake jiƙa shi. Ni ko kurɓa ban yi ba, sai da muka tashi na tuna ina jin ƙishi.

Daga Gwiwa babu kwalta. Yashi ne da kwazazzabai, babur yana tangaɗi, sau da yawa sai ya sa ƙafa a ƙasa. A nan shi ma ya daina dariya. Da na hango rumbunan garinmu, sai da hawaye ya zo min. Na ce a raina shi ke nan, mai wuyar ta wuce.

Dole in faɗi wani abu game da ni da Inna, in ba haka ba ba za a gane abin da ya biyo baya ba. Ni ce 'yar fari. A gidanmu, musamman da yake dangin Inna Fulani ne, uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, idan na gaishe ta amsawa take yi tana kallon wani wuri. Gwaggo ce ta goya ni, ita nake kai wa kuka. Idan Inna tana son in yi wani abu, sai ta faɗa wa Gwaggo ina tsaye a wurin. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, haka muka tashi muka gani.

Don haka da na ajiye tukunyar a inuwar rumfa na fara bayani, Gwaggo nake kallo, Inna tana gefe tana tsince wake kamar ba da ita ake ba. Na maimaita duk abin da mai gas ya ce. Gwaggo tana ta cewa, "To, to, Allah ya yi albarka," irin amsar da manya suke yi wa yaro idan ya cika surutu. Na ce kada kowa ya taɓa har in dawo. Sai na yi salla na fita gaishe-gaishe, don a garinmu ba ka isa ka sauka ka zauna ba ka zaga gidajen dangi ba, gobe a ce birni ya ɓata ka. Gidan kawu, gidan kakata, gidan da aka yi rasuwa ban zo ba, ko'ina sai an dama fura an ce sai na sha.

Ana kiran la'asar na dawo. Ina shiga na kalli rumfa. Babu tukunya, buhun ne kawai a shanye a kan danga.

Sai ga Gwaggo ta fito daga wajen maƙwabta, riƙe da kaskon turare, cike da garwashi jajur, tana tafe tana hura shi. Ɗakin Inna ta nufa. Ƙofar ɗakin a rufe take.

"Gwaggo, ina tukunyar?"

"Na shigar miki da ita ɗaki. Rana ta cim mata, ga awaki suna ta shinshina. Abu mai daraja a bar shi a tsakar gida? Na goge ta tas na lulluɓe da sabon zani." Ta ƙara hura garwashin. "Sai dai ɗakin wani wari yake yi, ina jin ɓera ne ya mutu a bayan gado. Ga mata za su shigo ganin abin arziki, bari in sa turare."

"Inna fa?"

"Tana ciki ta ɗan kishingiɗa."

Ban san lokacin da na kai wa kaskon duka ba. Ya tashi daga hannunta ya faɗi ya fashe, garwashi ya watse a tsakar gida. Gwaggo ta yi ƙara ta riƙe hannu. Ni kuma ina ta ihu, "Ruwa! A kawo ruwa! Kada a buɗe ƙofar!" Matar maƙwabcinmu da ta biyo bayan Gwaggo ta tsaya baki buɗe, na fizgi tulun da ke gindin rumfa na juye shi a kan garwashin, na bi sauran da ƙafa ina murjewa. Takalmina ɗaya ya fita, na taka wuta da tafin ƙafa, ban ji ba sai daga baya.

Sannan na tura ƙofar. Warin ya doke ni har cikin maƙogwaro. Ɗakin da duhu, 'yar tagar a rufe saboda ƙudaje. Inna ba a kan gado take ba. Saboda zafi ta shimfiɗa tabarma a ƙasa, ta kwanta ta juya wa ƙofa baya.

"Inna."

Ba ta amsa ba.

"Inna!"

Shiru. Tun ina yarinya na saba da shirun Inna, na san shi kamar yadda na san muryar wasu. Amma a ranar, a bakin ƙofar nan, na kasa gane wane iri ne, na kunya ne ko ɗaya shirun. Na ce a raina na kashe ta, na ɗauko ajalinta a cinyata tun daga Kazaure ina jiƙa masa ruwa. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake.

Sai ta yi tari. Tarin nan da ya hana ni barci wata da watanni, ranar da na ji shi sai da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Na faɗa ciki na kama ta ta ƙarƙashin hammata na ɗaga. Ba ta da nauyi ko kaɗan, ban san ta rame haka ba sai da na riƙe ta. Tana cewa, "Mene ne haka? Mene ne?" na jawo ta waje na zaunar da ita can gindin darbejiya. Ta ce kanta yana sarawa, tana jin jiri.

Saura tukunyar. Na tsaya ina kallon ƙofar ina fatan wani namiji ya shigo, amma duk suna masallaci. Na ja mayafi na toshe hanci na koma. Tana lungun gado, kusa da kwanukan Inna na jere, an lulluɓe ta da atamfa sabuwa fil. A ƙarƙashin zanin ina jin wani siririn sauti, sssss. Na yaye, na lalubi makunnin, na murɗa ya ƙara ƙarfi, na yi salati na murɗa ɗaya gefen, ya ɗauke. Ashe wajen gogewa ne tsumman Gwaggo ya ɗan juya shi. Na ɗauko ta na fita da ita har wajen turken awaki, na dawo na buɗe taga. Daga nan na zauna a ƙasa.

Baba ya dawo ya tarar da gida cike da mata, Gwaggo tana kuka an shafa mata man shanu a yatsu. Ba ƙunar ce ta sa ta kuka ba.

"'Yar da na goya a bayana," take cewa, "yau ita ce ta doke ni a gaban mutane."

Na durƙusa na ba ta haƙuri, na ba ta, na ƙara. Baba ya saurari kowa har ƙarshe, kamar yadda ya saba, sannan ya ce, "Allah ya kiyaye, kuma an gode da niyya. Amma wannan abu ba zai kwana biyu a gidan nan ba. Gobe ki koma da shi."

Wallahi daɗi na ji. Na ce, "To, Baba." Har na fara tunanin wanda zan ba wa ita a Kazaure. Na san abin da likita ya ce, ban manta ba, amma tsoro ya rufe min ido, na fi son in bar Inna da abin da ta saba.

Mata suka watse. Yamma ta yi, lokacin ɗora tuwo. Inna ta tashi daga gindin darbejiya a hankali ta nufi madafi, ta ɗebo kara ta karya, ta cusa a murhu. Ta durƙusa za ta hura. Iskar da ta ja ba ta ishe ta ba, tari ya sarƙe ta, ta dafa ƙasa da hannu biyu tana yi har sai da ɗankwalinta ya zame. Muna tsaye muna kallo, ni da Baba da Gwaggo.

Da ya lafa, ta goge bakinta da gefen zani. Ba ta kalle ni ba.

"Yaya," ta ce wa Gwaggo, "a ce mata ta bar min abina."

Baba ya ce, "Ke ba ki ga abin da ya kusa faruwa ba?"

"Na gani, Malam. Wancan idan zai kashe ni, rana ɗaya zai yi, kuma sai an yi sakaci. Wannan kuwa," ta nuna murhun da haɓa, "tun ina amarya yake cina, safe da yamma, kuma babu wanda ya taɓa yin ihu."

Baba ya dubi murhun. Sannan ya ɗauki butarsa ya fita zaure, bai ce a bari ba, bai kuma ce a mayar ba.

Inna ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna a fili, inda iska take wucewa. "A kawo a nuna min yadda ake yi," ta ce wa Gwaggo.

Na ɗauko tukunyar na ajiye a gabanta. Na kaɗa ruwan sabulu na shafa a wuyan, babu kumfar da ta tashi. Na nuna mata gefen buɗewa da gefen rufewa, na sa ta murɗa da kanta sau da yawa, tana yi tana kallon makunnin, ni ina kallon yatsunta. Sai aka zo kunnawa. Na ƙyasta ashana ta karye. Na sake, ta mutu kafin in kai.

Ta miƙo hannu ta zare kwalin daga nawa. Ta ƙyasta, ta kai, ta murɗa. Wutar ta tashi da wani ɗan sauti, bup, na yi baya har na bugi danga. Inna ko gezau. Ta ɗora tukunyar ruwan tuwo ta gyara mata zama, ta naɗe hannu tana jira ya tafasa.

Na tsaya a jikin dangar ina kallon shuɗiyar wutar nan a kusa da zaninta. Gobe zan tafi in bar ta da ita, da Gwaggo mai raunin ido, da gidan da kowa yake shiga da garwashi a hannu. Na so in ce a kashe. Sai na ɗaga ido na kalli fuskarta. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Inna a bakin girki idonta babu hawaye ba, sai ranar. Na haɗiye maganata na je na ɗauko mata muciya.